Yadda Aka Miƙa Mini Sanda a Dapaong

Mahaifiyata ta haife ni ne bayan kowa ya ɗauka ta gama. A lokacin babbar yayata, Yaya Mu'minatu, har ta yaye 'yarta Khairiya. Shi ya sa ni Hamida, 'yar autan Bukari mahauci na Zongon Sokodé, nake da shekara goma sha biyar amma ina da 'ya mai shekara goma sha bakwai. Ta fi ni tsawo, ta fi ni hankali, ta fi ni gudu nesa ba kusa ba, amma dole ta ce mini Inna. Ban sha wahalar komai ba wannan girma ya faɗo mini, kuma ba zan ɓoye muku ba, na ci moriyarsa har da siɗe hannu.

Makarantarmu ɗaya, kuma ita ke ɗaukar jakata. Da safe sai ta rusuna ta gaishe ni, ni kuma in amsa da ƙyar kamar tsohuwa mai ciwon gwiwa. In na ce, "Khairiya, ruwa," sai ruwa ya zo. Ba tsorona take ji ba, in don ni ce da hannu ɗaya za ta nannaɗe ni ta ajiye a gefe. Mahaifinta take tsoro, Malam Bahauddeen mai makarantar allo, mutumin da ko akuya ta wuce shi ba gaisuwa sai ya tambayi ta gidan wa ce.

Malam bai so ta shiga gudu ba. Sai da Yaya ta yi wata biyu tana lallashi, aka ɗinka mata dogon wando da ɗan hijabi, sannan ya yarda da sharaɗi guda: ranar da ya ji gudu ya rage mata ladabi, ko da ƙwayar gero ce, ranar ta gama.

Ita kuwa Khairiya ba ta da wani buri a duniya da ya wuce gudun nan. An sanar da gasar 'yan makaranta a Dapaong cikin watan Afrilu, kuma wata mata za ta zo daga makarantar kwana ta 'yan wasa. Matar za ta kalli gudun miƙa sanda, ta ware 'yan matan ƙungiya ta ɗaya da ta biyu, ta gwada su ɗaya-ɗaya da agogo, ta tafi da wadda ta fi. Ba sa ɗaukar wadda ta haura shekara goma sha bakwai. Ke nan bana ce ta farko a wurin Khairiya, kuma bana ce ta ƙarshe. Kowa ya san in dai aka ɗora mata agogo an gama magana. Abin da take bukata kawai shi ne mu huɗu mu zo na ɗaya ko na biyu: Salamata, ita, ni, da Fulera.

To, a nan ne Koci Fayçal ya shigo.

Da can mutumin kirki ne. Malamin wasanni ne ɗan Kparatao, Hausarsa ta kasuwa ce, aikinsa ya ce mu zagaya fili sau biyar, shi kuma ya zauna a gindin mangwaro yana danna waya. Muna gudunmu lafiya, ba mai damun wani. Sai wata ƙungiya ta kira shi Lomé taron kwana uku kan haɗin kan matasa a wurin motsa jiki. Ya dawo da riga mai rubutu, da usur sabo, da takardar shaida a cikin leda, da wani littafi mai shafi arba'in da yake rungumewa kamar jariri. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, in ji masu iya magana, sai dai wannan ƙuƙumin a wuyanmu ya sauka.

Ranar farko ya zo da tsintsiyar mai sharar makaranta. Ya zare tsinke ɗaya ya karya. Ya ɗaga sauran sama.

"Ku duba! Ekip, wato ƙungiya, kamar wannan ne. Ɗaya yana karye. Duka tare, ba ya karye!"

Ya lanƙwasa ta da ƙarfi don mu gani. Tsohuwar igiyar da ta ɗaure ta ta tsinke, tsinkaye suka watse a ƙasa. Mu muka tsince su, shi kuma ya ce wannan ma darasi ne.

Daga ranar gudu ya koma baƙo a filinmu. Mako shida muka yi muna wasannin littafi. Akwai wanda za mu riƙe hannun juna mu harɗe kamar hanjin rago a faifan Babana, sannan a ce mu warware ba tare da mun saki ba. Akwai wanda za a ɗaure wa ɗaya ido, sauran su yi ta mata ihun hanya har ta ci karo da turken raga. Akwai kuma wanda ya fi so, wai shi faɗuwar amana: ki rufe ido, ki sake jiki ki faɗa ta baya, 'yar'uwarki ta tare ki. Salamata ta rufe ido ta taho. Daidai lokacin matar liman ta biyo ta gefen fili, Fulera da ke tsaye a baya ta rusuna tana cewa, "Ina wuni, Hajiya?" Ƙarar ƙeyar Salamata har 'yan ƙwallo sun ji ta. Koci ya duba littafinsa, bai ga shafin matar liman ba, ya ce a ci gaba.

Da yamma kuma sai mu zauna a da'ira kowa ta faɗi alherin ta kusa da ita.

"Khairiya, faɗi abu mai kyau na Hamida."

Ta sunkuyar da kai ta daɗe tana nema. "Inna tana da ƙoshin lafiya."

"Bravo! Hamida, kai fa?"

"Khairiya ta iya ɗaukar jaka."

Ya tafa mana, har da cewa zukata sun fara buɗewa. Amma duk da haka ba makaho ba ne, ya lura ni da Khairiya jininmu bai haɗu ba. Sai ya buɗe shafi na goma sha tara, inda aka ce in mutum biyu ba sa jituwa a haɗa su aiki ɗaya. Nan take ya tsara mu: Salamata ta fara, ta ba Khairiya, Khairiya ta ba ni, ni in ba Fulera. Khairiya ta roƙe shi ya raba mu. Ya ce ita ba ta je Lomé ba.

Sandar kanta ba mu gan ta ba sai saura mako uku, kuma ba sanda ba ce, guntun bututun roba ne da Fulera ta roƙo a wurin mai gyaran famfo. Koci bai san yadda ake miƙa ta ba, littafinsa bai kai nan ba. Khairiya ce ta sani, don ta kalla a waya har ta haddace. Ta tara mu ta yi mana bayani a hankali. Mai karɓa ba ta tsayawa, ba ta waiwayowa. Tana ganin 'yar'uwarta ta kusa sai ta fara gudu, ta miƙa hannu baya, sanda ta faɗa mata a tafi. Kuma don kada ƙafafu su harɗe, ta farko tana riƙewa da dama ta sa a hagun ta biyu, ta biyu ta sa da hagu a daman ta uku. Ta biyu ita ce, ta uku ni ce.

Muka gwada. Na ji takunta a bayana kamar doki ya biyo ni, tsoro ya kama ni, na waiwaya. Ƙafata ta harɗe, na tafi ƙasa da baki, bututu ya yi nasa wuri. 'Yan ƙwallo suna gefe suna hutawa, suka kwashe da dariya, wani mara kunya ya ɗaga murya, "Wayyo, Inna ta faɗi! A kawo wa tsohuwa sanda!"

Laifina ne, na sani tun ƙurar tana bakina. Amma kunya ba ta neman mai laifi, mai rauni take nema. Ko gida ban biya ba, na wuce gidan Yaya da gwiwa tana jini. Malam yana zaune a kan buzunsa a zaure.

"Subhanallahi, amaryata, wa ya taɓa ki?"

Haka yake kirana, don ni ƙanwar matarsa ce, akwai wasa tsakaninmu. Duk Zongo ni kaɗai ce nake iya ce masa gemunsa ya yi kama da na bunsuru ya yi dariya. Ranar ban yi wasa ba. Na matso hawaye na ce, "'Yarka ce. Da hagu ta miƙo mini abu, a guje, ta bayana, a gaban mutane."

Ban yi ƙarya ko ɗaya ba, abin da ya fi ci mini rai ke nan har yau. Na dai bar rabin gaskiyar a fili.

Aka kira Khairiya. Ta buɗe baki za ta yi bayani, ya ɗaga mata hannu. "Abin da za ki ba babba, da dama ake ba shi, a tsaye a gabansa, a rusune. A ɗaki haka, a fili haka. In na sake jin hagu, ki kawo mini takalman gudun nan da hannunki."

Washegari muka fito da sabon salo wanda duniya ba ta taɓa gani ba. Khairiya za ta taho kamar iska, ta ci burki a gabana, ta mayar da bututu dama, ta tallafe gwiwar hannu da hagu, ta rusuna. Ni kuma ina tsaye ƙiƙam, in karɓa, in juya, sannan in fara gudu. Salamata ta kama kai, ta ce da Hausarta ta 'yan ƙabilar Tem, "Koci, wannan ba gudu ba ne, gaisuwan suna ne. Ka faɗa ma Hamida shi bari!"

Koci kuwa har idonsa ya kawo ruwa. "Ku ba ku gane ba. Wannan shi ne respe, girmamawa! Mako shida ina nema, yau ya fito da kansa. Shafi na goma sha tara ya yi aiki."

Ranar tafiya muka kama hanyar arewa da sassafe, mota cike da 'yan makaranta. Mun wuce Kara, rana ta fara dukan rufin mota, muka tsaya a Mango kusa da kogi aka sayi soyayyen kifi. Ina zaune a inuwa ina cire ƙaya sai ga Khairiya da ledar ruwa. Ta ba ni, ta durƙusa har ƙasa, abin da ba ta taɓa yi ba in ba idon manya.

"Inna, Baba zai zo. Yana Korbongou wurin walimar almajirinsa Jibrilu, ya ce gobe zai shigo Dapaong ya gani da idonsa."

"To, Allah ya kawo shi lafiya."

"Inna, kin san da wannan miƙon ba za mu kai ko'ina ba. Ke kaɗai yake ji. Ki ce masa ke kika sa ni, kin yafe, haka dokar wasan take. Cikin wasa ma za ki faɗa masa ya yarda. Don Allah, Inna. Ban taɓa roƙonki komai ba."

Gaskiya ta faɗa, ba ta taɓa ba. Na kalle ta a durƙushe, doguwar yarinya mai ƙafafu kamar na barewa, na ji wani daɗi mara kyau ya ratsa ni. Na tofar da ƙaya na ce, "Zan gani."

A raina na riga na yanke zan faɗa masa. Wallahi na yanke. So nake kawai ta kwana da zullumi, ta san cewa Inna Inna ce.

Filin Dapaong ya cika tun hantsi, zafi kamar a bakin tukunyar tuwo. 'Yan Mango, 'yan Kara, 'yan gari, kowace ƙungiya tana gefe tana gwada miƙo, sanda tana wucewa daga hannu zuwa hannu ba ka ma ganin lokacin. Mu kuwa Koci ya tara mu a da'ira, muka riƙe hannu, muka rufe ido, ya ce kowa ta ji bugun zuciyar 'yar'uwarta. Abin da na ji kawai gumin tafin Fulera ne.

Da na buɗe ido sai na hango matar nan ta makarantar kwana. Siririya ce mai gajeren gashi, agogo rataye a wuya, ana ce mata Madam Memounatou. Khairiya ta ɗan taka don ta warware jiki, taku ashirin bai fi ba, na ga matar ta daina magana da na kusa da ita, ta bi ta da ido har ta tsaya, ta rubuta wani abu a takarda. Ni na wuce ta gabanta sau biyu, ko ƙuda aka kora an fi kallonsa.

Nan ne tunani ya ɗauke ni. Na hango Khairiya ta tafi makarantar kwana, ana kiran sunanta a rediyo, ta dawo hutu da jakar da wani ke ɗaukar mata. Ni kuma ina Zongo, innar wadda ta yi suna, ba abin da na iya sai amsa gaisuwa. Hassada ce, ba sai an nemo mata wani suna ba.

Sai ga Malam a bayan babur, Jibrilu ya kawo shi, babbar riga tana kaɗawa. Aka ba shi benci a gaba. Na je na gaishe shi, Khairiya tana nesa tana kallona, hannayenta a haɗe a ƙirji.

"Amaryata 'yar tsere! Yau zan ga ko ƙafar ta kai bakin."

"Ai ko gemunka na ɗaura a ƙugu sai na wuce su, Malam."

Ya yi dariya har da buga cinya. Ƙofa a buɗe take, ko turawa ba sai na yi ba. Ya share ido ya ce, "To yaya 'yar taki? Tana miki ladabi dai ko?"

Maganar tana kan harshena. Na waiwaya na ga Madam ta sake kallon Khairiya.

"Da sauƙi dai," na ce.

Na koma. Khairiya ta tare ni da ido, na kau da kai na sunkuya ina gyara igiyar takalmin da ba ta kwance ba. Ba ta tambaye ni ba. Ta gane.

Aka jera ƙungiya shida. Aka ba mu sanda ta gaske, ja, mai sanyi a hannu. Kowa ta tafi wurinta, ni aka kai ni kwana ta biyu, daidai gaban bencin manya. Aka busa usur.

Salamata ta yi abin da za ta iya, ta kawo sanda tana ta huɗu. Ta sa wa Khairiya a hannu a guje, yadda aka koya mata, don tsakaninsu babu inna babu 'ya. Daga nan abin da na gani ban taɓa ganin irinsa ba. Ta wuce ta uku kamar an dasa ta. Ta wuce ta biyu. 'Yar Kara da ke gaba ta waiwaya, kafin ta mayar da kai an bar ta. Fili ya ɗauki ihu, mutanen da ba su san sunanta ba suna ta "Mai hijabi! Mai hijabi!" Ta nufo ni da ratar da ta kai taku goma, hijabin yana tashi a bayanta, sanda a hagu.

A lokacin ne zuciyata ta dawo jikina. 'Yan matan da ke gefena duk sun juya baya sun tanƙwara, suna shirin tashi. Ni kaɗai ce tsaye ina fuskantar ta kamar mai jiran baƙi. Na ji kunya, na ji tausayi, na ji son ta ci, duka a lokaci ɗaya. Na buɗe baki na ce, "Da hagu! Miƙo da hagu!"

Ihun fili ya haɗiye muryata. Ko da ta ji ma, me zai yi mata? Izinin da za a ba ta a gaban mahaifinta ne take bukata, ba wanda za a raɗa mata a tsakiyar tsere ba. Idonta ya wuce ni ya sauka a kan benci. Ta ci burki har ƙura ta tashi. Ta mayar da sanda dama. Ta tallafe da hagu. Ta rusuna.

"Ga shi, Inna."

Dariya ta fashe a fili kamar an fasa tulu. 'Yar Kara ta wuce mu fuu, 'yar gari ta wuce, 'yar Mango ta wuce. Na fizgi sanda na juya na fara gudu daga tsaye. Ban taɓa gudu irin na ranar ba, ina yi ina kuka, amma ƙafata ƙafata ce, ba ta Khairiya ba. Fulera ta karɓa, ta kamo 'yar Mango, ta bi 'yar gari har bakin layi. Taku ɗaya ya raba su. Muka zo na uku.

Madam Memounatou ta kira 'yan mata takwas, na Kara da na gari. Da za ta wuce ta tsaya a gaban Khairiya, ta dube ta sama da ƙasa, ta ce da Hausarta ta 'yan arewa, "Yarinya, kai kana da ƙafa. Shekara nawa?"

"Sha bakwai, Madam."

Ta ja tsaki a hankali, ba na raini ba, na takaici. "Doka ba ni na yi ba. Wa ya koya maka tsayawa a tsakiyar kurs, ana cikin tsere?"

Khairiya ba ta nuna kowa ba. Ta ce, "Haka ake yi a gidanmu."

Kada ku ɗauka mun dawo hannu rabbana. Ƙungiyar nan da ta kai Koci Lomé ita ta ɗauki nauyin gasar, kuma ta tanadi kofi na musamman na haɗin kai. Wani mai kyamara ya ɗauki hoton rusunawar. Da aka zo rabon kyauta sai muka ji an kira makarantarmu, wai a tarihin gasar ba a taɓa ganin girmama juna irin wannan ba. Kofinmu ya fi na waɗanda suka ci girma. Koci Fayçal ya karɓa da hannu biyu, ya ɗaga littafinsa sama, ya yi jawabi da Faransanci har aka ƙwace masa makirfo. A nan take suka gayyace shi Lomé ya koyar da wasu malaman. Ina jin yanzu haka akwai 'yan mata a wani gari da ake fasa wa ƙeya da sunan amana.

Malam ya taso yana murmushi, ya dafa kan 'yarsa. "Alhamdulillahi, gudu bai ɓata ki ba. Na janye sharaɗina, ki yi ta gudunki." Sannan ya juyo gare ni yana shafa gemu. "Amma amaryata, na ga sauran duk ba sa tsayawa, kuma da hagu wasu ke bayarwa. Ashe haka dokar abin take?"

"Haka take, Malam."

"Ikon Allah! To me ya hana ki faɗa mini ɗazu? Wasa ai wasa ne. Ke ce uwarta, in kin yafe wa zai ce a'a?"

Ya faɗa ne da dariya, yana jiran in mayar masa da baƙar magana yadda na saba. Na kau da kai na zuba wa kofin Koci ido. Khairiya tana tsaye a gefensa, ta ji kowace kalma, ba ta ko ɗago ba.

A mota Koci ya zaunar da kofi a kujerar gaba ya ɗaura masa bel. Ya so mu yi da'irar faɗin alheri, Salamata ta ce in ya sake cewa ekip za ta sauka a Mango ta bi kogi. Khairiya tana bayana. Tun daga Dapaong har Sokodé ina shirya abin da zan ce mata, in ɗinka in warware, ban juya ba ko sau ɗaya.

Mun iso da la'asar. Tasha cike, Yaya Mu'minatu ta zo tarye, ga Babana ya baro rumfar nama da wuƙarsa a kugu, ga matan unguwa da suka ji an ciwo kofi har da masu guɗa. Yaron mota yana sauko da kaya, Khairiya ta ɗauki jakata kamar kullum. Ta tako har gabana, a tsaye, ba ta rusuna ba. Ta dube ni cikin ido, ta miƙo mini ita da hagu.

Guɗa ta tsaya. Yaya ta dafe ƙirji ta ce, "Khairiya! Innarki ce fa!" Duk suka zuba mini ido, suna jiran in yi abin da na saba.

Na sa hannu biyu na karɓa. Na rataya jakata a kafaɗa, na bi bayanta muka nufi gida.